Ranar da na zauna jiran kogi ya wuce

Duk faɗin Damargu, daga Tanut har Balbeji, ba a haifi wanda ya kai ni sanin ruwa ba. In ƙorama ta tare hanyar Gangara da damina, ni ake kira. In kafa kara a bakinta, in dube shi, in ce wa direbobi su ɗora shayi, kafin kofi na uku za ta wuce. Kuma ta wuce ɗin, ta bar mana yashi mai laima. Ruwanmu baƙo ne, ba ya kwana.

Da wannan ilimi na sauka kurmi, wata jiha ta bakin teku bayan Fatakwal, da awakin yayana goma sha biyu. Duk abin da ya mallaka ke nan, ya damƙa mini in sayar kafin Kirsimeti. Mota ta ajiye ni inda hanya ta ƙare. Kasuwar tana ƙetare, kuma ranar kaɗai take ci. A tsakani ga wani ruwa wanda in ka kira mutum daga can, sai jikansa ne zai amsa.

Wani dattijo mutumin Yawuri mai kwalekwale ya ce in ɗora awakin. Na dubi kwalekwalen, ɗan akushi ne kawai. Na ce, "Baba, a bar shi ya wuce tukuna." Na kafa karana, na ce masa haka muke yi a Damargu.

Ya zauna kusa da ni, ya zana mini ƙasar a kan laka da yatsa. Kowane kogi, in ji shi, da ƙasar da ke ciyar da shi. Ruwan da ya faɗi gaban wancan tudu nan yake zuwa, wanda ya faɗi bayansa na wani kogin ne. Ƙanana su zuba wa manya, manya su rarrabu kamar saiwar gawo su shige teku. Ya ce har na gulbin Maraɗi, in ya yi sa'a, ta Kwara yake biyowa ya iso nan.

Daga nan hankalina ya bar jikina. Ruwan yana tafiya a hankali, launin shayi da madara, ganyaye suna juyi a kansa. Sai nake ganin hadarin gabas yana taso wa kwarin Tarka, ina jin ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko. Na tuna takalmina na hagu da ƙorama ta ƙwace mini ina yaro, har aka zane ni a kansa. Na rantse na zuba ido ko zai ɓullo, ya tsufa, ya yi furfura, yana tambayar ɗan'uwansa.

Da na farga, karana yana kan busasshiyar laka. Na yi tsalle. "Baba, ka gani? Ya fara wucewa!" Goro kawai ya ɓare.

Bayan azahar ruwan ya dawo. Ta inda ya tafi ya dawo, daga ƙasa zuwa sama, ya haɗiye karan. Wata akuya ta ɗanɗana ta kau da kai, gishiri ne. Dattijon ya ce teku ke turo shi, kullum sau biyu, tun kafin kakansa. Ya ƙara da cewa kwalekwalen masu saye sun fara barin kasuwa.

Fuskar yayana ta faɗo mini, yadda ya shafa kan kowace akuya kafin mu tashi. Na ɗora su ɗaya bayan ɗaya, na shiga na kwanta rubda-ciki a tsakiyarsu, na rufe ido, na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban haddace ba. Ina cikin sura ta nawa ban sani ba, na ji dattijon ya taɓa ƙafata da sandar tuƙi.

"Sarkin ruwan Damargu, buɗe idonka. Tun ɗazu muka iso, awakin ma sun riga ka shiga kasuwa."