Baba Sifana da Kicin Ɗin Auta

Baba Sifana ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har cikin gida, jikokinsa ma ba su san yana da wani ba. Mai gyara ne a wata makarantar kwana tun yana saurayi har kansa ya yi fari. Famfo ya ƙi tsayawa, ƙofa ta ƙi rufuwa, ƙwan lantarki ya ƙone, gadon ɗalibi ya karye, shi ne dai. Akwai wata sifana da ba ta barin aljihun wandonsa na baya. Ta huda masa wanduna ba adadi, matarsa ta yi faci har ta gaji ta zuba masa ido.

Mutumin kirki ne, wannan ba a gardama. Sai dai yana da hali ɗaya: yana son a neme shi. Ka gaishe shi da safe, sama-sama zai amsa. Amma ka ce masa, "Baba, wani abu ya lalace a gidana," nan take fuskarsa za ta washe kamar ka yi masa albishir. Ladan aiki ma bai dame shi ba. Abin da yake so shi ne a tsaya a kansa ana kallo, in ya gama a ce da ba don shi ba da an shiga uku.

Da ya yi ritaya, makaranta ta ɗauki wani, ba a sake waiwayarsa ba. 'Ya'yansa maza kuwa babu wanda ya gaji hannunsa, ƙusa ɗaya sai su kira kafinta. Autarsa mace ita ce ta biyo shi. Tun tana 'yar mitsitsiya take tsugunawa a gefensa tana miƙo masa kayan aiki, kafin ta iya karatu ta san filaya, ta san noti, ta san wace sifana ce ke shiga wane kai. Shi ya sa ko da ta girma ta yi aure, bai ji an raba shi da ita ba. Mijin ma'aikacin kemis ne, yaro mai ladabi, mai sanyin murya, kuma suka tare a wani tsohon gida da ya gada wurin kawunsa. Gida ne da komai nasa ya tsufa tare.

Shekarar farko Baba Sifana ya sha daɗi. Ba a mako sai waya ta yi ƙara: "Baba, tagar ɗakin nan ta ƙi buɗewa." "Baba, famfon banɗaki yana ta zuba." Ko a kan abinci yake sai ya tsame hannu, ya hau tsohon babur ɗinsa, ya ratsa gari. Yana yabon surukin nan a gaban kowa, yana cewa Allah ya ba shi ɗa nagari. A gaskiya kuwa rabin yabon na rashin iya riƙe guduma ne.

Sai waya ta yi shiru. Auta na kira ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, ta ajiye. Ba taga, ba famfo. Ya ɗauka gidan ne ya gaji da lalacewa, har ranar da matarsa ta dawo daga gidan Auta tana warware mayafi tana ta santi.

"Ka ga aikin da yaran nan suka ɗauko kuwa? Kicin suke gyarawa. Sun fasa tsohon wurin wanke-wanken, sun cire kantocin nan da gara ta ci. Komai sabo za su yi."

"Wa suka kira?"

"Babu. Shi da kansa yake yi, ita tana taya shi. A waya yake kallon yadda ake yi."

"A waya," in ji Baba Sifana. "Mai ƙirga ƙwayoyin magani ne zai ja bututu a waya."

Ta dube shi sama da ƙasa ta yi dariya. "To ana zancen kicin, kai kuma ka yi kicin-kicin da fuska. Kishi kake yi da mijin 'yarka, tsofai-tsofai da kai?"

Ya ce Allah ya kiyaye, shi tausayin katakon yake ji. Amma kishi ne, tsagwaronsa, kuma ya san shi ne. Ranar ko shayinsa bai shanye ba.

Ya daure na ɗan lokaci yana jiran a kira shi, don ya tabbata za a kira. Da ya ga shiru ta yi yawa sai ya hau babur, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya tarar da surukin durƙushe a kicin, wando naɗe zuwa gwiwa, siminti har a gira, ya jingina waya da bokitin fenti, wani mutum a ciki yana ta bayani. Auta na tsugune a gefensa. Yaron ya miƙa hannu baya bai ko juyo ba, bai ce komai ba, ita kuwa ta ɗora masa abin da yake nema daidai. Wannan miƙon shi ya soki Baba Sifana. Shi ya koya mata, a ƙarƙashin motocin mutane da bayan banɗakunan makaranta, ga shi yau wani ke cin moriyarsa.

Surukin ya zabura ya gaishe shi har ƙasa. "Sannu da zuwa, Baba. Kada ku shigo, ƙura za ta ɓata muku kaya." Ya ruga ya ɗauko kujera ya ajiye a bakin ƙofa, Auta ta kawo ruwan sanyi. Kujera fa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kwance ƙarƙashin bututu, yau shi aka ba kujera a wurin aiki, kamar wanda ya zo dubiya. Ya zauna da kofi a hannu yana kallon bayansu. Sau biyu ya buɗe baki zai gyara musu wani abu, sau biyu yaron ya gyara da kansa kafin maganar ta fito.

A hanyar komawa ya yi ta tsaki shi kaɗai. Ya gaya wa matarsa tayil ɗin nan ba zai kai baɗi ba. Ya gaya wa mai shagon kusa da su cewa yaran yanzu waya ce ubansu. Ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa aikin ruwa ba wasa ba ne, za su gani.

Ba su gani ba. Aiki ya kammala, aka gayyace su shi da matarsa su zo su sa albarka. Kicin ɗin ya fito fes. Sun matsar da wurin wanke-wanke ƙarƙashin taga don haske, sun jera kabad-kabad a ƙasa da sama, sun yi wa tukunyar gas gurbinta, har da wata 'yar kanta ta kayan ƙamshi daidai tsayin hannun Auta. Matarsa sai tafa hannu take tana sa albarka. Shi kuwa ya shiga farautar aibu. Ya bi layin tayil da farce. Ya buɗe kowace ƙofa ya rufe yana kasa kunne. Ya faki ido ya ɗora lemo a kan teburin girki ko zai gangara, lemo ya zauna daram. Ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya shafa bututu, a bushe yake ƙamas.

"Ya yi," ya ce, da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori.

Auta ta yi murmushi ta dubi mijinta, irin kallon da Baba Sifana ya sani sarai, don shekara da shekaru shi ake yi wa. Sannan ta ce wa uwarta, da zuciya ɗaya, "Kin ga yanzu mun hutar da Baba. Ba sai ya riƙa ratso gari saboda mu ba."

Suka fita tsakar gida za su nuna wa tsohuwar inda za su yi shanya, suka bar shi shi kaɗai a kicin. Bai zo da niyyar komai ba, wannan Allah ya sani. Amma ya sake tsugunawa a gaban kabad ɗin ƙarƙashin famfo, hannunsa ya tafi aljihun baya da kansa. Notin da ya haɗa bututun ruwa da famfo ya kama. Ya ɗan murɗa shi baya, kaɗan, ba abin da ido zai gani. Ya jira har ɗigo ɗaya ya taru ya faɗo. Lissafinsa mai sauƙi ne: gobe da safe Auta za ta ga danshi, yaron zai duba waya ya rasa kan abin, za a kira Baba. Zai zo, ya ɗaure, ya sha shayi, ya ɗan koya wa yaron wani abu. Wa aka cuta? Ya rufe kabad, ya fito yana goge hannu a wando.

Washegari ya wuni da waya a aljihun gaba. Ba ta yi ƙara ba. Da yamma matarsa, tana tsince shinkafa, ta ce, "Af, na manta ban gaya maka ba. Su Auta sun yi tafiya tun da sassafe, uwar mijin ce ba lafiya. Sun ce za su kwana biyu."

Ya san tankin da ke saman gidan nan a cike yake, kuma ya san noti in ya fara saki ba ya tsayawa inda aka bar shi. Ya hau babur ya je, ya tarar da ƙofar gida da ƙaton kwaɗo, katanga ta fi ƙarfin mai shekarunsa. Ya kara kunne a jikin ƙofa, bai ji komai ba. Ya ciro waya, ya nemo lambar Auta, ya tsaya yana kallonta. Me zai ce? Ku dawo, kicin ɗinku na yoyo? Za ta ce ta yaya ka sani, Baba? Ya mayar da wayar aljihu, ya ce wa kansa ɗigo ne kawai, ɗigo bai taɓa rushe gida ba. Shi da ya fi kowa sanin ƙarya ce.

Kwanakin nan bai ci abincin kirki ba. Matarsa ta tambaye shi ko ƙafar ce, ya ce ita ce.

Ranar da suka dawo, wayar da ya daɗe yana jira ta yi ƙara. Auta ce. "Baba, don Allah ka zo. Ruwa ya ɓata mana komai."

Tun daga bakin ƙofa ya ji warin jiƙaƙƙen katako. Ruwa ya malale kicin ya shiga falo, an tattare darduma an jefar a tsakar gida. Kabad-kabad ɗin ƙasa duk sun sha sun kumbura, ƙofofinsu sun karkace, fentin ya ɗaɗɗago kamar ƙuna. Buhun shinkafa ya jiƙe ya fara wari. Auta na tsaye da tsumma a hannu, idanunta sun yi ja. Surukin ya riga ya rufe ruwan daga tanki, yana tsaye a lungu da ƙafafu cikin ruwa, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Baba, laifina ne," ya ce. "Da hannuna na ɗaure shi. Wallahi na ɗauka ya ɗauru, har sau nawa na duba. Ashe ban iya ba."

Nan ne wurin magana, kuma Baba Sifana ya san nan ne. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Bari in gani." Ya kwanta rigingine a kan jiƙaƙƙen tayil, ya cusa kai da kafaɗu cikin kabad ɗin. Notin na nan inda ya san yake. Murɗa ɗaya ya koma mazauninsa.

Daga ciki yana jin su. Auta ta matse tsumma a bokiti, ta yi ajiyar zuciya, ta ce a hankali, ba da faɗa ba, "Da ma Baba muka kira tun farko."

Can mijin ya ce, "Gaskiya ne." Sai ƙarar ƙarfe: yana tattara kayan aikin da ya saya ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a kwali. Ya turo kwalin har kusa da ƙafar surukinsa. "Baba, in za ku tafi ku wuce da waɗannan. A wurinku za su fi amfani. Ni na koma kan abin da na sani."

Abin da Baba Sifana ya yi ta nema ke nan. An kira shi, an tsaya a kansa ana kallo, an ce da ba don shi ba. Ya kwanta a wurin, ruwa na ratsa rigarsa, ƙwalla na gangara masa cikin kunne, yana ɗan buga sifana a jikin bututu don su ɗauka aiki yake yi.

Auta ta sunkuyo. "Baba, ya ɗauru?"

"Da saura," ya ce, bai fito da kansa ba.