Ruɓaɓɓiyar Tafarnuwar Baffa Sanda

Gonar tafarnuwarmu 'yar fadama ce a bayan Magarya, wadda ta fara samun ruwan rani bayan an gina dam, kuma da ita gidanmu ke ci. Tun rasuwar babana, ƙanensa Baffa Sanda ke riƙe da ita. Mu yara aikinmu ɓarar iri da cire ciyawa, da maraice kuma mu kewaye wutar karan da kakarmu Inna Tumba ke hurawa a ƙofar ɗakinta, ta ba mu tatsuniya.

Wata shekara, gab da haƙa, magudanar ruwa ta ɓalle, ruwa ya kwanta a gonar har rabin tafarnuwar ta ruɓe a ƙasa. In ka ciro kai guda ka matsa, sai wani ruwa mai yauƙi ya biyo yatsunka, tsutsa na motsi ciki. Baffa ya shanya ta a tsakar gida har ɓawon ya bushe ya yi fari tas. Muka ji yana gaya wa matarsa zai haɗe ta da mai kyau, babu mai ganewa.

Da maraicen nan Baffa yana zaune kusa yana ɗinkin buhu, Inna ta gyara wuta ta ce, "Ga wata nan tahe, ku buɗe kunnuwa. Kai ma Sanda, ba a hana babba ji ba."

Wai an yi wani manomi da tafarnuwarsa ta ruɓe. Ya cusa ta a gindin buhu, ya rufe da mai kyau, ya kai kasuwa ya rantse ya sayar. Yana dawowa sai warin ya biyo shi gida. Ya yi wanka, wari na nan. Ya faɗa gulbi, kifaye suka taso ciki sama. In ya sa hannu a tuwo sai tuwon ya yi tsutsa. Ƙudaje suka rufe shi kamar riga, 'ya'yansa suka daina cin abinci da shi. Ya gaji ya kwanta gindin tsamiya, ungulaye suka sauko suka kewaye shi.

"Yac ce musu shi da rai nai yake," in ji Inna. "Sunka ce, to mi ad da wari haka in ba mushe ba?"

Ta tofar da yawu gefe ta ce ta ƙare, kowa ya tashi. Ƙanwata ta kasa shan furarta. Baffa kuwa dariya ya yi, ya ce tsohuwa ta iya tsoratar da yara, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ran kasuwa ya kai buhunan. Wani mutumin Rimawa, Malam Isa, ya saye su don iri. Ya ajiye su har lokacin shuka, ya kwance ya iske ruɓar ta cinye har da mai kyau. Ya zo gidanmu da ƙunshi guda a gefen riga, ya zube gaban Baffa. Baffa ya dube shi ido cikin ido ya ce ajiyarsa ce ba ta yi kyau ba. A ranar Inna ta mayar da ƙwaryar tuwon da matar Baffa ta kawo mata. Daga baya muka ji Malam Isa bai yi noman rani ba shekarar, ya bar iyalinsa ya tafi ci-rani kudu.

Na daɗe ina jiran in ga abin tatsuniyar ya sami Baffa. Babu abin da ya same shi. Ya yi ƙiba, ya sayi injin ban-ruwa, yana salla a sahun gaba ana gaishe shi da girma. Sai da gonar ta dawo hannuna na gane Inna ta san ɗanta ba zai ji ba. Da mu take, don mu tashi muna ƙyamar abin ko da duk gari ya ƙi gani.

Ranar da Baffa ya rasu, mutane suka yi ta yabon gaskiyarsa. Na roƙa masa gafara, don ƙanen ubana ne. Amma da liman ya ce in ce wani abu a madadin dangi, sai na ce a ba wani.