Likitar da Ke Kife Takardar Gwaji

Kullum da safe, kafin layi ya taru, za ka tarar da ita tana buɗe tagogin ɗakin duba masu ciwon ƙirji da hannunta, wai iska ma ma'aikaciya ce. Mu ma'aikatan jinya Mama Tukuna muke kiranta, don duk gudun da ka yi ka kawo mata sakamakon gwaji, "tukuna" za ta ce. Sai ta kife takardar a tebur, ta dube ka ta saman tabarau: "Kafin mu gani, cikin goma nawa ka ba mutumin cewa yana da ciwon?" Da farko abin haushi yake ba ni, ni da ba a san ni da haƙuri ba.

A hankali na gane karatunta. Gwaji shaida ne, ba alƙali ba, kuma shaidu suna suka tara. Takan ce a tambaya: sau nawa wannan sakamakon ke fitowa ga mai ciwon, sau nawa ga marar shi? In tazarar na da faɗi, zatonka ya yi tsalle. In ba ta da yawa, ɗan gusawa kawai zai yi.

Wata shekara wani mai aski ya zo, ya daɗe yana tari, ya rame, ga jini a majina. Wansa da suke gida ɗaya ya yi tarin fuka. Matarsa kuma ba ta daɗe da haihuwa ba, ɗaki ɗaya suke kwana da jaririyar. Gwajin majina ya fito babu komai. Ya miƙe yana washe baki.

"Zauna, ɗana," in ji ta.

"Mama, ai takarda ta wanke ni. Kwana nawa ban ɗauki 'yata ba."

"Wannan gwajin in ya ce akwai, na yarda da shi. In ya ce babu, kusan rabin masu ciwon ma haka yake ce musu. Da na gan ka na ba ka takwas cikin goma. Takardar ta sauko da kai tsakanin shida da bakwai. Kai za ka yi wa mutum aski da rezar da ka fi zaton ta yi tsatsa?"

Ya koma ya zauna. Ta tura shi gwajin na'ura mai ƙarfi, ta roƙe shi ya raba ɗaki da jaririyar. Sakamako ya dawo, ciwon na nan. Ya fara magani, aka duba yarinyar aka ba ta na kariya. Matarsa ta faɗa mana makonni ya yi yana yi wa 'yar wasa daga bakin taga. Na ji tausayinsa har raina.

Mama, ke ce mai auna magana kafin ki auna magani. Ranar da kika ajiye aiki, mai askin ya zo da wata doguwar yarinya, ya ce, "Gaida likitar da ta hana ni ɗaukarki." Ta gaishe ki da dariya, ƙirjinta garau, ba ta ma san me aka tsallake ba.

Mun gode, Mama, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da kuka gaji kujerarta, ku duba mutum kafin takarda, ku tambaya wa ke kwana kusa da shi.