Ranar da Kakana Ya Fasa Bindigarsa

Har yau in aka kyasta ashana kusa da ni sai in tuna zauren kakana a Falgore. Warin albarushi ne, ya kama bango, ya kama buzu, har goron da tsohon yake gutsuro mini sai in ji shi a ciki. Maharbi ne, a zamanin Turawa kuwa maharbi ba abin rainawa ba ne a ƙauye, don shi ke tsakanin gonar gyaɗa da gadu, aladen dajin nan da ke tone wahalar shekara kafin gari ya waye.

Bindigarsa ta toka ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki, ƙirar wani tsohon maƙeri na Rogo. Kowa a ƙasarmu ya san babu mai ƙwarinta. Kakata ta sha cewa da yana shafa mata rabin man da yake shafa wa ƙarfen nan, da ba ta tsufa ba.

Ba ya sayen albarushi da ka. In an kawo daga kasuwar Karaye sai ya murza, ya ɗiba ɗan mitsitsi ya zuba a tsingaro, ya ɗosana garwashi. Wanda ya tashi fuu lokaci guda, hayaƙi ya turnuƙe, shi ne nasa. Wanda ya tsaya tartsatsi kuwa ko kyauta ba ya so.

Babana shi ne ɗansa na fari. Ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. A lokacin uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi, kunya ce. Ranar da babana ya dawo daga yaƙin Bama gari ya cika da guɗa, amma kakana ko kai bai ɗaga ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe sojan nan ya dawo." Ni ina da shekara bakwai, na ji haushinsa ƙwarai, na ɗauka ba ya son babana.

Bindigar soja an karɓe ta, amma babana ya ɓoye 'yan harsasai a bakin bargonsa. Da kaka ta yi, gadu suka dame mu, sai ya sayi bindigar toka. Abin da ya tsana shi ne hayaƙinta: ka harba, ba ka ganin ko ka samu, gadu mai rauni kuwa ta cikin hayaƙin yake fitowa. Sai ya ɓare harsasan nan, ya juye garinsu a gwangwani, ya kawo zaure ya yi gwajin tsingaro. Garin Bature ya ci a hankali, lumui, babu hayaƙi. Babana ya yi dariya, ya ce wannan sanyi gare shi, sai ma an ƙara awo. Gobe zai ɗura ya fita.

Kakana ya dubi kakata da ta kawo fura, ya ce, "Wutar da ba ta hayaƙi, ni ban san inda take kai fushinta ba."

Babana ya durƙusa. "Baba, da irinsa muka yi yaƙi, ban taɓa ganin ya ci mai shi ba."

"A bindigar Bature," in ji kakana, yana kallon bango.

Maganar ta tsaya nan. Babana mutum ne mai ladabi, amma in ya kafe ko jaki ya sallama masa, gadon gida ne, ni ma ban tsira ba. Innata tana da tsohon ciki, na ga ta kasa cin tuwo.

Da gari ya waye, da hantsi, kafin babana ya shirya, kakana ya sa kakata ta ɗauko gwangwanin. Ya sauko da tasa bindigar, ya ɗura daidai awon da babana ya ambata. Ya ɗaure ta a jikin gawon bayan gida, ya ƙulla doguwar igiya a kunamarta, ya kora mu duka bayan rumbu. Ya yi bisimilla ya ja.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kaji suka watse, kunnena ya daɗe yana kuwwa. Da muka leƙa, ƙarfen ya dare kamar an tsaga kara, wani guntun ya nutse a jikin gawo daidai inda fuskar mai harbi take zama. Babana ya je ya taɓa wurin, sai ya zauna a ƙasa. Gani ya kori ji.

Kakana ya tsinci guntun katakon, ya juya shi, ya ce, "Dama ta tsufa." Ya shige zaure.

Sai da na girma na gane abin da ya sa bai gwada da sabuwar bindigar babana ba. Da ita ce ta fashe, babana cewa zai yi ƙirar banza ce, ya nemi wata. Washegari babana ya jingine masa tasa a zaure, tsohon bai ko taɓa ta ba. Ya ce wai idonsa ya yi rauni, alhali shi ke zura wa kakata zare a allura. Bai sake shiga daji ba. Babana ne ya ci gaba da farauta da albarushin gida, kuma kowane awo sai ya bi ta tsingaron tsohon. Da yatsunsa goma cif ya karɓi ƙanena ranar suna, da su ya yi noma har ya ga jikokinsa. Wannan kam ba ni da bakin godiya.

Yanzu dajin ya zama gonaki, gadu sai a labari. Ɗana yana kiran ɗansa na fari da suna, yana saɓa shi a kafaɗa a gaban jama'a, ni kuma ban hana ba, zamani riga ne. Kakana har ya koma ga Allah sunan babana bai fita daga bakinsa ba. Allah Ya jiƙansa, ni dai ban san ɗan da aka so kamar babana ba.