Kwali Ɗaya da Rabi na Maganin Alhaji Garba

Ko zan manta da komai na aikin nan, ban da ranar Larabar da aka miƙo mini takardar tuhuma a gaban masu shara, ni Zara'u, bayan shekara ashirin da ɗoriya ina yi wa mutanen Gaya allura. Ku ƴan baya da kuka same ni da furfura, ku gyara zama, don irin abin da ya same ni yana nan yana jiran ɗayanku.

A lokacin ina majo a wata kilinik mai zaman kanta, can wajen hanyar gada. Majo, ga wanda bai sani ba, ita ce babbar ma'aikaciyar jinya. Ita ke raba aiki, ita ke riƙe da makullai, ita kuma ake nema idan abu ya lalace. Sama da ni akwai lokotoro, likitanmu ɗaya tilo, sai Shef Sumaila mai kula da gudanarwa. Shi Shef bai san bambancin jijiya da igiyar wando ba, amma ƙanen matar mai kilinik ne, wannan kuwa ya fi kowane difilom.

Cikin watan zafi aka kawo mana Alhaji Garba, mai kamiyoyi, manyan motocin kayan nan da ke jigila tsakanin Kwatano da Yamai. An yi masa aikin zuciya a ƙasar waje. Ya ɗan kwanta a Yamai, ya ce shi ba zai ƙarasa jinya a garin da ba a san shi ba, a maido shi gida.

Bari in yi muku bayani a taƙaice. Zuciya tana da ƴan ƙyamare masu buɗewa da rufewa. Ɗaya daga cikin nasa ya lalace, aka sa masa na ƙarfe. In ɗaki ya yi tsit har kana jin sa yana ƙyas-ƙyas kamar agogon hannu. Shi kuwa jini yana son daskarewa a jikin ƙarfe, don haka sai mutum ya sha maganin tsinka jini har ƙarshen ransa. In ya yi kaɗan, gudan jini ya tafi kai, ɓarin jiki ya shanye. In ya yi yawa, ƙaramin rauni sai ya yi ta zuba. Shi ya sa ake auna jinin a kai a kai, awon da muke kira INR, lokotoro ya duba ya ƙara ko ya rage. Ƙwayar tana da tsaga, ana karya ta gida huɗu. Alhaji kashi uku yake sha, ƙarfe shida na yamma, kuma ni nake ba shi da hannuna. Ya zo da kwali uku suna kan ɗan teburin gefen gadonsa, yadda kowane majinyaci ke ajiye maganin da ya saya.

Sai ƴan dubiya. Kai, jama'a! Direbobi, ƴan kamasho, dillalan albasa, masunta daga Tunuga, kowa da kwanonsa. Rabinsu ba gaisuwa ta kawo su ba, agogon suka zo ji. Sai ka ga ƙato da gemu ya kara kunne a ƙirjin Alhaji yana salati. Na kora, na yi faɗa, har muryata ta dishe. Shef ya ce in bar su, ai talla ce ga kilinik.

Ranar Larabar nan lokotoro yana zagaye, ya ɗaga kwalayen ya ji su sakayau. Aka zazzage. Kwali ɗaya da rabi babu shi, ga maganin ba a samun sa a Gaya sai an aika Yamai. Kafin azahar Shef ya buga takarda, har da hatimi: in yi bayani a rubuce kafin sallar Juma'a, in ba haka ba in ajiye makullai.

Na ce, “Shef, a tambayi mai maganin mana. Ga shi can kwance, bakinsa lafiya lau.”

Ya ce, “Madam Zara, kina da hankali kuwa? Mutum da sabuwar zuciya za ki je ki ce masa an yi masa sata? In ya faɗi ke za ki biya? Kada wanda ya kuskura ya tayar masa da maganar nan.”

Lokotoro ya dubi takalminsa. Yaro ne mai kirki, amma shi ma albashi yake ci.

Wallahi na ji zafi. Ba korar ce ta fi damuna ba, sunan. Wadda aka kora kan satar magani a Gaya, ko Malanbil ta je neman aiki, can tsallaken kogi, za ta tarar labarin ya riga ta haye gada. Ranar Alhamis na wuni ina harare-harare. Har jakar wata abokiyar aikina na leƙa da ta shiga bayi, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗauki biro sau uku, na rasa abin rubutawa. Me zan ce? Ban ɗauka ba? Ai kowane ɓarawo haka yake cewa.

Juma'a da hantsi ina ɗakin wankin rauni, sai ga Shef ya faɗo, ya danne ƙeya da tawul, tawul ɗin ya yi jajir. Wai wanzami ne ya ɗan yanke shi wajen aski, ɗan yanka kamar na farce, awa guda ke nan jini ya ƙi tsayawa. Na zaunar da shi, na danne wurin da auduga. Da ya buɗe baki zai yi magana na ga dasashinsa yana tsattsafo da jini. Na naɗe hannun rigarsa, ga tabo baƙi-baƙi kamar an dake shi.

Na ce, “Shef, me kake sha?”

“Ba komai. Shayi.”

“To shayin nan zai kai ka kabari kafin la'asar. Ka faɗa mini, ko in cire hannuna in je in ƙarasa rubuta takardarka.”

Ba zan cire ba, Allah ya sani, amma shi bai sani ba. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da fallen magani, saura ƙwaya biyu a ciki. Maganin Alhaji ne. Mutumin da aka tsaga wa ƙirji kashi uku yake sha, shi kuwa Shef guda yake haɗiya da safe, guda da yamma, kwana huɗu, wai don jininsa ya wanku da wuri.

“Alhaji ne ya ba ni,” in ji shi, murya kamar ta ɗan akuya. “Madam Zara, don Allah kada kowa ya ji.”

Na kira lokotoro. Aka ɗebi jini, aka ba shi bitamin K, shi ne ke warware wannan magani, aka kwantar da shi. Ni na sa masa ruwa, kuma sau ɗaya na soki jijiyar, ko da yake zuciyata ta so in neme ta sau biyar.

Daga nan na wuce ɗakin Alhaji, ban nemi izinin kowa ba. Na durƙusa na ce, “Baba, maganin nan, wa da wa ka ba?”

Ya yi murmushi abinsa. “Ɗiyata, mutum ya bar sana'arsa ya zo gaishe ni, in sallame shi hannu banza? Ni Garba? Kun tuɓe mini riga mai aljihu, ƴaƴana sun kwashe komai wai kada in wahala. Abin da ya rage gare ni ke nan. Kuma na waje ne, mai wanke jini, ba irin na kasuwa ba.”

Na gaya masa halin da Shef ke ciki. Murmushin ya ɗauke. Ya lissafa mini mutum shida, bai manta ko ɗaya ba. Muka bi su da waya. Wani direba har ya wuce Paraku yana ta haɓo, yana cewa zafin hanya ne, aka ce ya tsaya a asibiti mafi kusa. Wani masunci ya ɓoye nasa cikin tsumma zai kai wa tsohuwarsa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Sai da ƙura ta lafa wata mai shara ta tsegunta wa Alhaji zancen takardata. Ya aika aka kira ni. Dattijon nan ya yi ta hawaye, agogon ƙirjinsa yana bugawa da sauri, yana cewa in yafe masa. Ni na koma ina ba shi haƙuri. Tun daga ranar maganin ya koma kabad, makulli a ƙuguna. Na sa ƴaƴansa suka kawo faranti cike da dabino da goro aka ajiye a gefen gadon. Ya yi ta rabo har aka sallame shi, fuskarsa fes.

Shef kuwa, da ya warke, ya tare ni a baranda ya ce, “Madam Zara, maganar nan a bar ta. Kin san aiki ne.” Shi ke nan. Ba a janye takardar ba, ba a yage ta ba. Tana nan cikin adakata, da hatiminta.

Ga abin da na koya, ku riƙe. Mutanenmu ba su iya cin abu mai daraja su kaɗai ba, ko da magani ne. In kun ba majinyaci mai tsinka jini, kada ku tsaya ga “ka sha?” Ku tambaye shi, “wa ka sam wa?” Na biyu kuma, in abu ya ɓata a wurin aiki, aljihun ƙarami ake fara lalubawa, kuma sau da yawa mai laluben ya san inda abin yake. A cikin duk waɗanda suka san an kira ni ɓarauniya, mutum ɗaya ne ya ce in yafe masa, shi ne kuwa wanda bai taɓa zargina ba.