Masu Gadin Mahaifa

Ina da ƙaramin ciki uwar mijina ta raka ni asibiti a Sinnar daga Mai Wurno, tana mitar cewa mu 'yan garin Rufa'a ba mu iya riƙe ciki ba. Daktora ta duba ni ta ce lafiya lau. Ta bayyana mana cewa jiki yakan kori abin da bai sani ba, ɗan tayi kuwa rabinsa baƙo ne, daga uba. Amma ƙwayoyin da ke gadin mahaifa su ke buɗe masa hanyar jini har ya kafu.

Tsohuwa ta ce, "To, ko cikinki ya san darajar jininmu."

Na ce, "Ƙwarai, Inna. Can dai an san haƙƙin baƙo."

Da za mu koma, motarmu daban-daban.