Baffa da Atamfar Chana

Baffana, ƙanen mahaifinmu, a masaƙa yake aiki, ɓangaren buga zane. Gida ɗaya muke a Madabo. Duk sallah sai ya shigo da ragowar atamfa ɗaure a bayan kekensa, a yanka wa kowa. Da mu 'yan mata, da labulen ɗakin kakarmu, da rigar filo, duk anko muke yi. In na ɓata a gidan biki ba a tambayar 'yar waye, zanen jikina ake dubawa a maido ni.

Ina ajin ƙarshe a firamare atamfar Chana ta cika kasuwa, ga sheƙi ga araha. Masaƙar su Baffa ta fara rage kwanakin aiki, daga baya aka sallami kowa, aka garƙame ƙofa. Baffa ya dawo zaman zaure, shi da rediyonsa. Duk wanda ya tsaya gaisawa sai ya sha karatu.

"Mu aika musu riɗi buhu-buhu, su aiko mana kaya jirgi-jirgi. To wa zai saƙa a nan? Aikina fa yana can, wani ɗan Chana yana yi!"

Ya kuma kafa doka: kada atamfar Chana ta shigo masa gida.

Matarsa, wadda muke kira Anti, ta ce, "To, Malam." Ba a jima ba ta fara saro ta, tana ɓoyewa a ƙarƙashin gadon kakarmu. Matan unguwa suka riƙa sintiri, wai sun zo duba tsohuwa. Kakarmu kuwa lafiyarta ƙalau, amma da ta ji sallamar Baffa sai ta hau tari.

Wata rana ya shiga ɗakinta neman tabarma, ya sunkuya, ya jawo turmin atamfa guda. Muka yi tsuru-tsuru. Ya fito da shi tsakar gida ya warware, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai zanenmu ne," ya ce. "Ku duba tsuntsun nan. Kuskure muka yi ƙafarsa ta karkace, su ma sun karkatar da ita!"

Ya yi ta dariya har yana share ido da hula. Ban tabbatar duk hawayen na dariya ba ne.

Da ya nutsu ya dubi Anti. "Wa ke ɗauko miki daga kasuwa?"

"Mai adaidaita, Malam."

"Ki sallame shi."

Wani Alhaji maƙwabcinmu ya ba Baffa adaidaita sahu yana ja, ya karɓi ɗaukar kayan Anti. Abokan aikinsa kuwa sun watse, wani ya kafa teburin shayi a Dala, wasu sun koma ƙauye noma. Baffa har yau yana jigilar diloli, Anti kuma ta buɗe shago a bakin layi. In ya makara da kaya takan tare shi a ƙofa ta ce akwai masu adaidaita da yawa a gari, shi kuma ya ce ta je ta nemo wanda zai yarda a biya shi da tuwo.